Karatun jami'a ta intanet a lokacin annobar korona

A cikin watan Maris na shekara ta 2020, jami'o'i a kusan dukkan sassan duniya suka rufe ƙofofinsu, suka sallami ɗalibai zuwa gida domin gudun yaɗuwar cutar korona.

Cikin 'yan makonni, karatun da aka saba yi a ɗakunan lacca ya koma kan kwamfuta da wayar salula.

A wasu ƙasashen ba a yi asarar ko da zango ɗaya ba. A wasu kuwa, ciki har da Najeriya, yawancin ɗaliban jami'o'in gwamnati sun shafe kusan watanni 10 suna zaman jiran tsammani a gida.

Manhajojin da aka yi amfani da su kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma da yawansu kyauta ne. Abin da ya bambanta wata jami'a da wata shi ne tanadin da ta yi tun kafin annobar, da kuma halin da ɗalibi ya tarar a gidansu: wuta, da layin sadarwa, da kuɗin data.

Yadda al'amarin ya faro

Jami'o'in ƙasar Sin ne suka fara shiga wannan hali, bayan da hukumomi suka killace birnin Wuhan a ranar 23 ga watan Janairun 2020. Jami'ar Tsinghua da ke Beijing ta buɗe sabon zangonta a ranar 17 ga Fabrairu ba tare da ɗalibai sun taka harabarta ba.

Italiya ta rufe dukkan makarantu da jami'o'inta a farkon watan Maris. A Amurka, Jami'ar Washington da ke Seattle ta koma karatu ta intanet a ranar 9 ga Maris, ranar da ita ma Saudiyya ta dakatar da zuwa makarantu da jami'o'i. Kashegari Jami'ar Harvard ta bai wa ɗalibanta kwanaki biyar su kwashe kayansu.

A ranar 11 ga Maris ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya.

Hukumar kula da ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ƙiyasta cewa a lokacin da abin ya fi tsanani, rufe makarantu ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1 da miliyan 600 a ƙasashe fiye da 190. Daga cikinsu, a cewar Bankin Duniya, fiye da miliyan 220 ɗaliban manyan makarantu ne.

Mene ne karatu ta intanet?

Hanyoyin da jami'o'i suka bi sun kasu gida biyu.

Ta farko ita ce lacca kai-tsaye, inda malami da ɗalibai ke haɗuwa a lokaci guda ta hoton bidiyo, suna ganin juna suna jin juna. Manhajojin Zoom da Google Meet da Microsoft Teams ne suka fi shahara a nan. Kamfanin Zoom ya ce yawan masu shiga taruka ta manhajarsa a kowace rana ya tashi daga miliyan 10 a watan Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilun 2020.

Ta biyu ita ce wadda malami ke ajiye darasi, ko rubutacce ko na murya ko na bidiyo, ɗalibi ya ɗauka a lokacin da ya samu dama. Ana yin wannan ne a kan manhajojin tafiyar da karatu irin su Moodle da Blackboard da Canvas da Google Classroom. A cikinsu ake ba da aikin gida, a karɓa, a duba, a ba da maki. Manhajar Moodle, wadda wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Martin Dougiamas ya fitar a shekara ta 2002, kyauta ce, kuma kowace jami'a na iya ɗora ta a kan nata na'urorin.

Sai dai masana sun ja hankali tun da wuri cewa abin da aka yi a 2020 ba shi ne cikakken karatu ta intanet ba. A wata maƙala da Charles Hodges da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar EDUCAUSE Review a ƙarshen watan Maris na shekarar, sun kira shi koyarwar gaggawa daga nesa. Sun ce a bisa al'ada, tsara kwas ɗaya na jami'a domin koyar da shi ta intanet kan ɗauki watanni shida zuwa tara. Malamai da dama kuwa mako ɗaya ko biyu aka ba su.

Tun kafin zuwan intanet

Karatu daga nesa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Tun a shekara ta 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar rubuta jarrabawar digirinta ga waɗanda ba sa zaune a cikinta. Ta wannan hanya ce Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira goma, ya samu digirinsa a ƙarshen shekarun 1920. 'Yan Najeriya da dama na zamanin mulkin mallaka sun yi karatu ta wasiƙa, ana aiko musu da darussa ta gidan waya daga Ingila.

Jami'ar Afirka ta Kudu, UNISA, ta koma koyarwa daga nesa a 1946, kuma a cikinta ne Nelson Mandela ya kammala digirinsa na shari'a yana tsare. A Birtaniya an kafa jami'ar karatu daga gida a 1969, kuma daga 1971 aka riƙa watsa laccocinta ta rediyo da talabijin na BBC.

A Najeriya, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta daɗe tana horar da malaman firamare daga nesa tun shekarun 1970. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa jami'ar karatu daga gida a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan Shugaba Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Ita ce ake kira NOUN, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ne ke shugabantarta a lokacin da annobar ta ɓarke.

Wasu jami'o'in, kamar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Maiduguri da ta Ibadan da ta Legas, suna da cibiyoyin karatu daga nesa. Amma waɗannan cibiyoyi na da nasu ɗaliban daban. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanan jami'a, karatunsa na allo ne da alli, da takardun lacca da ake kwafa a shagunan bakin ƙofa.

Giɓin da annobar ta tona

A watan Afrilun 2020 UNESCO ta fitar da wasu alƙaluma da suka nuna girman matsalar. Ɗalibai miliyan 826 a duniya ba su da kwamfuta a gida, miliyan 706 kuma ba su da intanet a gida.

A ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara, kashi 89 cikin ɗari na ɗalibai ba su da kwamfuta a gida, kashi 82 kuma ba su da intanet. Waɗannan alƙaluma sun haɗa da ɗaliban firamare da na sakandare, amma a gidajen nan ne ɗaliban jami'a ma suka koma.

Ƙungiyar Jami'o'i ta Duniya, IAU, ta gudanar da bincike a tsakanin watannin Maris da Afrilu, inda ta samu amsoshi 424 daga ƙasashe 109. Kashi 85 cikin ɗari na manyan makarantun Turai da suka amsa sun ce sun maye gurbin karatun aji da na nesa. A Afirka kashi 29 ne kawai suka iya yin haka, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun ce karatu ya tsaya cik.

Halin da aka shiga a Najeriya

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Najeriya a ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. A ranar 19 ga Maris Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kuma ta ce jami'o'i su rufe daga ranar 23 ga wata, na tsawon wata ɗaya.

To sai dai annobar ta tarar da wata matsalar a ƙasa. Tun ranar 9 ga Maris ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin gargaɗi na makonni biyu, kuma a ranar 23 ga wata, ranar da aka rufe jami'o'in, ta mayar da shi na sai baba-ta-gani.

Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin manyan dalilan yajin aikin shi ma batun manhajar kwamfuta ne. Gwamnati ta dage sai an sa malaman cikin tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da ake kira IPPIS. Ƙungiyar ta ce tsarin bai dace da yadda jami'a ke aiki ba, kuma ya ci karo da 'yancin cin gashin kanta, ta kuma gabatar da nata tsarin mai suna UTAS. Akwai kuma tsohon rikicin yarjejeniyar 2009 da kuɗin gyaran jami'o'i.

A farkon watan Afrilu, Ministan Ilimi Malam Adamu Adamu ya gana da shugabannin jami'o'i da na kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi ta hoton bidiyo, ya umarce su da su koma koyarwa ta intanet. Shugaban ASUU na lokacin, Farfesa Biodun Ogunyemi, ya ce hakan ba za ta yiwu ba, domin ba a tanadi kayan aiki ba, ba a kuma horar da malamai ba.

Ko da an tanada ma, malaman da za su koyar suna yajin aiki.

Jami'o'i masu zaman kansu irin su Covenant da Babcock a jihar Ogun, da Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, sun ci gaba da karatu ta intanet. Ɗalibansu ba su da yawa, akasarinsu na da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma iyayensu na da halin sayen data da man janareto. Amma mafi yawan ɗaliban ƙasar a jami'o'in gwamnatin tarayya da na jihohi suke.

ASUU ta sanar da janye yajin aikin a ranar 23 ga Disamba, bayan watanni tara. NUC ta ba da damar komawa daga ranar 18 ga Janairun 2021. A lokacin ne wasu manyan jami'o'in tarayya, kamar ta Ibadan da ta Legas da ta Ilorin, suka gwada laccoci ta intanet ga ɗimbin ɗalibansu, saboda dokar ba da tazara ba za ta bar ɗaruruwan mutane su cunkushe a ɗaki guda ba. Jami'ar Ibadan ta soke shekarar karatu ta 2019/2020 ɗungurungum.

Asarar shekara ba ƙaramin abu ba ce ga ɗalibin Najeriya. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma ma'aikatu da kamfanoni da dama na ƙayyade shekarun waɗanda za su ɗauka aiki. Ga kuma waɗanda suka ci jarrabawar JAMB suna layi, ba za su shiga ba sai na gabansu sun matsa.

Wuta da data da waya

A watan Satumbar 2019 aka ƙaddamar da tashar lantarki mai amfani da hasken rana a Jami'ar Bayero ta Kano, mai ƙarfin megawat 7.1, a ƙarƙashin wani shiri na Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Tun 2014 kuma aka ƙaddamar da layin sadarwa na NgREN, wanda ya haɗa jami'o'in tarayya 27.

Dukkan waɗannan abubuwa a harabar jami'a suke. Ranar da aka sallami ɗalibi, a can ya bar su.

Bankin Duniya ya ce a wancan lokaci 'yan Najeriya miliyan 85, wato kashi 43 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, ba su da wutar lantarki ta gwamnati. Ɗalibin da ya koma ƙauye sai ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya, kuma batirin waya ba ya jure lacca ta bidiyo ta awa uku ko huɗu.

Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, sun nuna cewa intanet mai sauri bai wuce kusan kashi 40 cikin ɗari ba a farkon 2020. Manyan wayoyin da ke kawo intanet ta ƙarƙashin teku a gaɓar Legas suke sauka, kuma kai su cikin ƙasa na da tsada, musamman saboda kuɗin da jihohi ke karɓa kafin a haƙa ramin binne waya. A cikin shekarar ne jihar Kaduna ta yafe wannan kuɗi gaba ɗaya, wasu jihohin kuma suka rage shi zuwa naira 145 a kan kowace mita.

A cikin watan Maris ɗin da aka rufe makarantu ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon shirin faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Dokta Isa Ali Pantami ta tsara, da burin kai wa kashi 70 cikin ɗari.

Batun kuɗi shi ne ya fi ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya. Awa ɗaya ta lacca da bidiyo na iya cin rabin gigabait na data ko fiye. Ɗalibin da ke da laccar awa 15 a mako zai buƙaci kimanin gigabait 30 a wata. A lokacin, naira 1,000 kan sayi gigabait ɗaya da rabi, mafi ƙarancin albashi kuma naira 30,000 ne. Ko da an yi la'akari da rangwamen da ake yi wa mai sayen data da yawa, kuɗin ya fi ƙarfin gidaje da dama, musamman a lokacin da dokar kulle ta rufe kasuwanni.

Nauyin ya fi faɗawa kan mata. Ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, GSMA, ta gano cewa a 2020 matan ƙasashen kudu da Sahara sun kasa maza da kashi 37 cikin ɗari wajen amfani da intanet ta waya. Ɗalibar da ta koma gida kuma aikin gida na jiranta. A ɗaya ɓangaren, matan aure da masu shayarwa da ma'aikata na cikin waɗanda karatu daga gida ya fi yi wa amfani, idan an tsara shi yadda mutum zai ɗauki darasi a lokacin da ya samu sarari.

Manhajar da ta fi yin aiki

A wurare da dama na Afirka, manhajar da ta ɗauki nauyin karatun ba a ƙirƙire ta domin karatu ba.

Kusan duk ɗalibin da ke da babbar waya yana da WhatsApp, kuma tun kafin annobar kowane aji na da zaurensa. Malamai suka riƙa tura saƙon murya da takardun lacca da hotunan rubutun hannu. Saƙon murya ba ya cin data kamar bidiyo, kuma idan layi ya yanke, yakan jira har ya dawo.

Amma ita ma tana da iyaka. A 2020 zauren WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, sai a 2022 aka ƙara adadin zuwa 1,024. Zoom na kyauta kuwa mutum 100 yake ɗauka, ya kuma katse bayan minti 40. A jami'ar da aji ɗaya na 'yan shekarar farko kan haura mutum 500, dole a raba aji gida biyu ko uku, ko a koma Telegram da ke ɗaukar dubban mutane.

Haka kuma irin waɗannan zauruka ba sa ajiye lissafin wanda ya halarta, ko wanda ya miƙa aiki, ko makin da ya samu.

Yadda wasu ƙasashen Afirka suka yi

Afirka ta Kudu ta tunkari matsalar ne daga ɓangaren ɗalibi. Kamfanonin waya sun yafe kuɗin data ga mai shiga shafukan jami'o'i. Ministan ilimi mai zurfi, Blade Nzimande, ya sanar da cewa ɗaliban da gwamnati ke tallafa wa za su samu gigabait 10 na rana da 20 na dare a kowane wata, har tsawon watanni uku daga Yunin 2020. Jami'o'in Cape Town da Witwatersrand sun ba da aron kwamfutoci, kuma Jami'ar Cape Town ta aika da bugaggun darussa ga waɗanda ke wuraren da babu layi. Duk da haka, jami'o'in da aka gina wa baƙaƙen fata a zamanin wariyar launin fata sun sha wahala fiye da sauran, kuma shekarar karatu ta 2020 ta zarce cikin 2021 a da yawansu.

A Ghana, Jami'ar Legon ta ƙarasa zango a kan manhajar Sakai da ta riga ta mallaka, sannan gwamnati ta bar 'yan ajin ƙarshe su koma a ranar 15 ga Yuni domin jarrabawa.

Senegal ta kafa jami'ar intanet tun 2013, ta kuma gina mata cibiyoyi a garuruwa daban-daban, inda ɗalibi zai je ya samu kwamfuta da layi mai ƙarfi kusa da gida.

Masar ta soke jarrabawar ƙarshen zango ga waɗanda ba 'yan ajin ƙarshe ba, aka maye gurbinta da rubuta takardar bincike ko gwaji ta intanet.

A Jamhuriyar Nijar, inda ƙasa da kashi 20 cikin ɗari na jama'a ke samun lantarki, mayar da karatu kan intanet ba abu ne mai sauƙi ba. Hukumomi sun sake buɗe makarantu a farkon watan Yunin 2020.

Jarrabawa da satar amsa

Koyarwa ta fi sauƙi a kan gwaji. Tambayar da ta dami kowace jami'a ita ce: yaya za a tabbatar cewa ɗalibin ne ya rubuta, kuma bai buɗe littafi ba?

Ɗaliban Najeriya ba baƙi ba ne ga jarrabawa ta kwamfuta, domin tun 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir. Amma ana yin ta ne a cibiya, a gaban masu sa ido. Ita ma NOUN a cibiyoyinta ta saba gudanar da jarrabawa.

Jami'o'in Turai da Amurka da dama sun sayi manhajojin sa ido irin su Proctorio da Respondus, masu amfani da kyamarar kwamfuta wajen lura da fuska da motsin ɗalibi. Wannan ya jawo ƙorafi a kan keta sirri, wasu ɗalibai baƙaƙen fata kuma suka koka cewa manhajojin ba sa gane fuskokinsu sai sun haska fitila.

A watan Yunin 2020 wata kotu a Holan ta yanke hukuncin cewa Jami'ar Amsterdam na iya amfani da irin wannan manhaja saboda halin da ake ciki. A watan Agustan 2022 kuwa, wani alƙalin tarayya a Amurka ya ce tilasta wa ɗalibi nuna ɗakin kwanansa ta kyamara kafin jarrabawa, kamar yadda aka yi a Jami'ar Jihar Cleveland, ya saɓa wa tsarin mulki.

Wasu malaman sun sauya salon tambaya ne, suka bar ɗalibi ya buɗe littafi amma suka tambayi abin da sai an yi tunani. Fitowar manhajar ChatGPT a watan Nuwambar 2022 ta sake dagula wannan lissafi, tun da tana iya rubuta amsa cikin daƙiƙoƙi.

Abin da ba ya koyuwa daga nesa

Ana iya koyar da tarihi ko shari'a ko tattalin arziki ta waya. Ɗalibin likita kuwa sai ya tsaya a gefen gadon majinyaci, na aikin injiniya sai ya taɓa inji, na aikin gona sai ya shiga gona. Shi ya sa a ƙasashe da dama ɗaliban lafiya da masu buƙatar ɗakin gwaje-gwaje ne aka fara mayarwa.

Batun ya sake tasowa a 2022, lokacin da yaƙi ya kori ɗaliban Najeriya daga Yukren, jami'o'insu suka ci gaba da koyar da su ta intanet. Hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya, MDCN, ta sanar cewa ba ta amince da horon likita da aka yi ta intanet ba.

Ko a darussan da ba sa buƙatar ɗakin gwaji, akwai alamun cewa an yi asara. A makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, an raba ɗalibai fiye da 500 ta hanyar ƙuri'a a ƙarshen 2020, wasu a aji wasu ta intanet, malamai ɗaya, darasi ɗaya. Waɗanda suka yi ta intanet sun samu maki ƙasa da na 'yan aji, kuma tazarar ta fi yawa a tsakanin masu rauni a karatu. Waɗannan kuwa ɗalibai ne da ba su da matsalar wuta ko ta data.

A wani rahoto da ta fitar a 2023, UNESCO ta ce dogaro kacokan a kan fasaha a lokacin annobar ya bar ɗimbin ɗalibai a baya, ya kuma ƙara tazara tsakanin mai hali da marar hali.

Bayan annoba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kan cutar a ranar 5 ga Mayun 2023. Jami'o'i sun koma aji, amma abubuwa da dama sun zauna: taron majalisar jami'a ta bidiyo, kare kundin digiri tare da mai jarrabawa daga wata ƙasa, da haɗa laccar aji da darussan da ake ajiyewa a intanet.

A Najeriya, an ba da lasisi ga jami'o'in karatu daga gida masu zaman kansu a 2023, ciki har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato. A watan Disambar shekarar majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin IPPIS. An fara amfani da layin 5G a 2022, kamfanin Starlink kuma ya fara kawo intanet ta tauraron ɗan'adam a 2023.

Sai dai burin kashi 70 bai cika ba, domin a 2025 alƙaluman NCC sun tsaya a kusan kashi 50. A farkon 2025 kuma hukumar ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari.

Ba annoba kaɗai ke rufe jami'a ba. ASUU ta sake yin yajin aikin watanni takwas a 2022. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya rufe jami'o'in Khartoum, aka kwaso ɗaliban Najeriya da dama, akasarinsu 'yan arewa. Ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta tilasta rufe Jami'ar Maiduguri na wani lokaci a watan Satumbar 2024. A watan Satumbar 2021 ma, hukumomi sun katse layukan waya a jihar Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, abin da ke nufin ko da akwai darasi a intanet, ɗalibin yankin ba zai same shi ba.

Darussan da 2020 ta bari a bayyane suke: horar da malamai tun ana zaune lafiya, tsara darasi mai sauƙin data wanda za a iya saukewa a ajiye, yarjejeniya da kamfanonin waya a kan shafukan karatu, da cibiyoyi masu wuta da layi kusa da inda ɗalibai ke zaune. Jami'o'in da suka ci gaba da karatu a waccan shekara, akasarinsu waɗanda suka tanadi wasu daga cikin waɗannan abubuwa ne tun kafin cutar ta iso. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.